Muhawara: lissafi ne ya ƙawata gine-ginen Italiya na zamanin Farfaɗowa, ko idon magini?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta hana ni sakat tun makon jiya. An ba mu aiki a makaranta kan gine-ginen Italiya na zamanin Farfaɗowa, wajen shekarun 1400 zuwa 1600, kuma duk bidiyon da na buɗe a YouTube magana ɗaya suke nanatawa, wai sirrin kyawunsu shi ne awon zinare, 1 da 1.618. Sai su ɗora wani zane mai kama da bayan dodon koɗi a kan hoton coci, su ce ga shi ya hau daidai. Na buga hoton fuskar cocin Santa Maria Novella da ke birnin Fulorans a takarda, na sa rula na gwada da kaina, wallahi bai fito ba. Ni ce ban iya awo ba, ko maganar ce ba ta da tushe?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sadiya, rularki ba ta yi miki ƙarya ba. Koma ga hoton, ki auna faɗin fuskar cocin gaba ɗaya, sannan ki auna tsayinta tun daga ƙasa har ƙololuwa. Za ki samu kusan ɗaya suke, wato duk fuskar tana zaune cikin murabba'i guda. Yanzu raba wannan murabba'in huɗu. Biyun ƙasa su ne hawa na farko. Hawa na sama kuwa girman ɗaya ne daga cikinsu, an ɗora shi a tsakiya. Ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu. Wanda ya zana ta, Leon Battista Alberti, da cikakkun lambobi yake aiki, irin waɗanda za ki ƙirga da yatsa. An gama fuskar a 1470 da kuɗin wani attajirin Fulorans, Giovanni Rucellai, kuma sunansa da shekarar suna rubuce a can sama.

Shi awon zinare tsohon abu ne a lissafi, ba wanda ya musa. Luca Pacioli ya rubuta littafi a kansa wanda aka buga a Benis a 1509, Leonardo da Vinci ne ma ya yi masa zanen siffofin ciki. Amma da Pacioli ya zo babin gini a wannan littafin, sai ya koma kan awon jikin mutum irin na Vitruvius, maginin Roma na dā. Kalmar "zinare" ɗin kanta Jamusawa ne suka yaɗa ta a ƙarni na 19, kuma wani Adolf Zeising ne a 1854 ya shiga ganin awon a ko'ina, a jikin mutum da ganye da gini. Daga can zancen ya taso, har ya iso wayarki.

Sadiya: Na gode Malam, na sake aunawa, haka yake. To amma me ya sa 1 da 2? Me ya fifita su a kan 1 da 1.9, tunda ido ba zai bambance ba?

Injiniya Nura: Tambayar da nake jira ke nan.

Malam Habu: Amsar tana wurin makaɗa. Lawal, kana kusa?

Lawal mai gurmi: Ina nan Malam, ina karatu shiru. Abin da kake nufi na san shi da hannu tun kafin in san yana da suna. In ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a tsakiya cif ka sake kaɗawa, sautin da zai fito shi ne na farkon, sai dai ya yi sama, kamar uba da ɗa suna rera waƙa ɗaya. In ka danne ka bar kashi biyu cikin uku suna rawa, wani sauti ne daban amma yana tafiya da na farkon lafiya lau. Kashi uku cikin huɗu ma haka. In yatsanka ya goce kaɗan kuwa, ko yaro zai yamutsa fuska.

Malam Habu: Madalla. To wannan shi ne tushen komai. Tun zamanin Girkawa ake danganta wannan binciken ga Pythagoras: sautukan da ke daɗi tare, tsawon tsirkiyarsu 1 da 2 ne, ko 2 da 3, ko 3 da 4. Mutanen Farfaɗowa sun ɗauki wannan a matsayin hujja cewa Mahalicci ya tsara duniya a kan waɗannan lambobi, kunne dai ya riga sauran gaɓoɓi ganowa ne. Alberti ya faɗa ƙarara a littafinsa na gini, wanda ya rubuta wajen 1452 aka buga a 1485, cewa lambobin da ke faranta wa kunne su ne ke faranta wa ido da zuciya. Ma'anar kyau a wurinsa ita ce sassa su dace da juna har ya zama in ka ƙara wani abu, ko ka rage, ko ka sauya, sai abin ya lalace. Kuma da gaske yake yi. A 1454 ya rubuta wa Matteo de' Pasti, mai kula masa da aikin wani coci a Rimini, yana gargaɗinsa kada ya taɓa awon ginshiƙan, don in ya sauya wani abu duk kiɗan zai ɓaci. Kiɗa ya kira ginin, ba kwana-kwana.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na cocin San Francesco della Vigna a Benis. An aza harsashi a 1534 bisa zanen Jacopo Sansovino, sai gardama ta tashi kan awon. Aka kira wani malamin addini, Francesco Giorgi, ya rubuta takarda a 1535. Ya ce faɗin zauren ya zama taki 9, tsawonsa taki 27, saboda 3 ita ce lamba ta farko mai cika, 3 sau 3 ya ba da 9, a sake sau 3 ya ba da 27. Kuma 9 zuwa 18 ɗaya da biyu ne, 18 zuwa 27 biyu da uku ne, sautukan da Lawal ya kwatanta yanzu. Aka miƙa takardar ga mutum uku su duba: Titian mai zanen hoto, Serlio mai zanen gini, da wani masanin adabi, Fortunio Spira. Duka suka amince. Ku lura, ba wanda ya ga baƙon abu a ce malamin addini ne zai yanke awon gini da hujjar kiɗa.

Injiniya Nura: Malam, da girmamawa, ka nuna mana abin da suka yi imani da shi, kuma na karɓa. Ba ka nuna cewa gaskiya ne ba. Kunne yana jin saɓani saboda akwai abin da ke faruwa a zahiri, girgizar sautuka biyu tana karo da juna a cikin iska. Me ke karo da me in tsawon ɗaki ya zama ƙafa 23 maimakon 24? Kuma mutum ba ya ganin ɗaki daga sama kamar tsuntsu. Yana tsaye ne a bakin ƙofa, bangon nesa ya ƙanƙance, na kusa ya yi girma. Ni na shekara goma sha ina aikin saiti, ban taɓa ganin mai gida ya shigo ya ce wannan falon 2 da 3 ne ba. Abin da yake cewa shi ne ya yi faɗi, ko ya matse, ko silin ya yi ƙasa.

Kuma ba ni na fara faɗa ba. Claude Perrault, likita ne Bafaranshe da ya fassara littafin Vitruvius a 1673, ya fito a 1683 ya ce kyau iri biyu ne. Akwai wanda kowa ke gani, kamar ingancin kayan aiki da girman gini da tsabtar aiki da daidaiton hagu da dama. Akwai kuma wanda sabo ne kawai ya sa muke sonsa, kuma a nan ya jefa awon ginshiƙai. Shekara ɗaya kafin nan, a 1682, Antoine Desgodets ya buga awon da ya yi wa tsofaffin gine-ginen Roma dalla-dalla, aka ga ashe su kansu Romawan ba awo ɗaya suka bi ba. To wace doka ce ta halitta wadda kowane gini ke karya ta amma ya fito da kyau?

Hajiya Bilki: Injiniya, na yarda da rabin maganarka. Bari in faɗi abin da na gani da idona, don na taɓa zuwa Fulorans wani taron aiki, na saci yini biyu na yawata. Akwai gidan marayun da mai zanen gini Brunelleschi ya fara a 1419, Ospedale degli Innocenti. Gabansa wata doguwar baranda ce mai baka tara, ana hawa 'yan matakala kafin a shige ta. Ginshiƙan sirara ne, na wani dutse mai ruwan toka, bangon fari fes, a saman kowane ginshiƙi akwai faifan tangaran shuɗi da hoton jariri a naɗe cikin zane. Na tsaya a gindin ginshiƙi ɗaya, na taka zuwa na gaba ina ƙirgawa, na juya na taka zuwa bango, sawuna ɗaya suka ba ni. Tsayin ginshiƙin ma kusan haka ne. Wato kowane ɗaki na barandar kamar akwati ne mai tsawo da faɗi da tsayi ɗaya, an jera tara.

Ban ga lamba ba, gaskiyarka. Amma na ji wani abu tun kafin in fara ƙirga. Idona bai yi tuntuɓe a ko'ina ba. Duk inda na duba, abin da na gani a baya ya riga ya shaida mini abin da zan gani a gaba. Ni a ganina amfanin awon ke nan: abu ɗaya ne ake maimaitawa, ƙanana da manya duk daga gare shi suka fito. Ko 1 da 2 ne ko wani abu daban, wannan ban damu ba. Abin da na tsana a gidajen da muke ginawa yanzu shi ne taga ɗaya ƙafa huɗu, ta kusa da ita biyar, ƙofa ta ɗara lintal ɗin taga da bulo guda, ginshiƙin baranda siriri kamar rake yana ɗauke da kan da ya fi ƙarfinsa.

A ƙarshen barandar nan akwai 'yar tagar da iyaye ke ajiye jarirai su tafi ba a gan su ba. Na daɗe a tsaye a wurin. Wannan ba ya cikin muhawararmu, na faɗa ne don ku san ginin ba don kallo aka yi shi ba.

Baba Magini: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana ta ambaton masu littafi, ban ji an ambaci wanda ya ɗauki dutsen ba. Ni na gaji gini wurin mahaifina, da ƙasa muka fara kafin bulo ya zo. Ba mu da tef a lokacin. Kamu ne da taki da gaba da igiya. Kuma abin da ke yanke faɗin ɗaki shi ne azara, don in ka shimfiɗa ta ta wuce kusan gaba ɗaya ba tallafi, ka ɗora mata ƙasa, za ta lanƙwashe. In kana son soro mai faɗi sai ka tada bakan gizo ka raba rufin gida-gida, kowane gida daidai ƙarfin azara. Wanda ya shiga ya ga rufin ya rabu daidai wa daida sai ya ce an yi lissafi. An yi, amma giginya ce ta ba da lissafin.

Yanzu ma haka ne. Kun san dalilin da ɗaki sha biyu-sha biyu ya cika gari? Allon silin ƙafa huɗu-huɗu ne, uku nan uku nan ka gama ba yanka ba asara. Ina zaton Turawan nan ma akwai abin da ya ɗaure su irin haka, ba kiɗa kaɗai ba.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda nake son zuwa. Su ma da jiki suke awo. Ma'aunin Fulorans sunansa braccio, ma'anarsa hannu, kusan santimita 58, ɗan'uwan kamunku ne. A garin Bicenza kuma ƙafa suke amfani da ita, kusan santimita 35 da ɗoriya. Kowane gari da nasa. To mai zane da ke son magini ya fahimce shi, ba fotokwafi ba waya, dole ya ba shi lamba mai sauƙin riƙewa: 12 da 16, 16 da 24. Ba za ka ce wa mai sassaƙa dutse ya yanko maka 1.618 ba.

Akwai rigimar da ta faru a Milan da za ta yi wa Baba daɗi, ko da yake ginin na tsohon salo ne, kafin Farfaɗowa ta kankama. An fara babban cocin garin a 1386, faɗinsa hannu 96. Da aka zo tsayi sai aka rabu. Wasu suka ce a bi murabba'i, tsayi ya zama 96 shi ma. Wasu suka ce a bi alwatika mai gefe uku daidai. Matsalar ita ce tsayin wannan alwatikar 83 ne da 'yan kai, lambar da ba ta ƙarewa. A 1391 aka ɗauko wani masanin lissafi daga Piacenza, Gabriele Stornaloco, ya mayar da ita 84, wadda ke rabuwa gida shida, 14-14, yadda magina za su iya aiki da ita. Shekara ta zagayo aka sake zama, aka rage tsayin zuwa 76. Daga baya wani Bafaranshe, Jean Mignot, ya zo ya ce ginin zai faɗi. Maginan Milan suka ce masa ilimi daban, sana'a daban. Ya mayar musu cewa sana'a ba ilimi ba komai ba ce. Ginin na nan tsaye har yau.

Baba Magini: Allah ya ji ƙan mazan jiya. Sun san ƙasarsu da dutsensu.

Injiniya Nura: To ai Malam kai da kanka ka kawo mini hujja. 96, 84, 76, duk an gwada, kuma da wanne aka gina da mutane sun je sun ɗaga kai sun yi mamaki. Santa Maria Novella ɗin ma, Alberti ya tarar da kaburbura masu baka a jere a ƙasan fuskar da wata babbar taga mai da'ira a sama, ba shi da ikon rushe su. Murabba'insa ya zo ne ya sasanta abin da ya tarar.

Malam Habu: Haka ne, kuma a wurina wannan ne gwanintar. An ba shi tarkace, ya nemo awo ɗaya da ya haɗe su har baƙo ba zai gane akwai tsoho da sabo ba. In ba don murabba'in ba da me zai ɗaure su?

Ustaz Kabiru: Ku ba ni dama in sa baki ta wani gefe. Lissafin da suka yi taƙama da shi, babban kaso ta hannun Musulmi ya iso musu. Littafin Uƙlidis na handasa an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma daga Larabcin Adelard, mutumin Ingila, ya juya shi zuwa Latin a ƙarni na 12. Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, a Bijaya ta Aljeriya ya koyi lambobin da muke rubutawa yau, ya fitar da littafinsa a 1202, kuma irin wannan lissafin ake koya wa 'ya'yan 'yan kasuwar Fulorans. Yaron da ya tashi yana lissafin in kamu 3 ya kai kaza, kamu 8 nawa ne, ba zai sha wahalar gane zancen awon gini ba. Ghiberti, wanda ya yi ƙofofin tagulla na Fulorans, ya kwaso da yawa daga littafin Ibnul Haisam kan gani.

Sannan tunanin a ɗauki ma'auni ɗaya a fitar da komai daga gare shi, mu ma muna da shi a rubutu. Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya tsara haruffa da ɗigon alƙalami: tsawon alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa kuma ana auna su da alif da da'irar da ta kewaye shi. Duk wanda ya taɓa koyon rubutun hannu mai kyau ya san ba ya ƙirga ɗigo in yana karatu, amma in harafi ɗaya ya fita daga awo nan take zai gani.

Sadiya: Ustaz wannan misalin ya shige ni. Malam, ina zancen jikin mutum ya shigo? Hoton nan na Leonardo, mutum a cikin da'ira da murabba'i, shi ma cewa suke awon zinare ne.

Malam Habu: Karanta rubutun da ke jikin hoton, duk kaso ne na cikakkun lambobi. Daga Vitruvius ya ɗauko, maginin Roma da ya rubuta littattafai goma kan gini ya sadaukar ga sarki Augustus. Shi ne kaɗai cikakken littafin gini da ya tsira daga wancan zamani. Poggio Bracciolini ya ci karo da kwafinsa a wani gidan ibada a St. Gallen ta ƙasar Switzerland wajen 1416, daga nan malaman Italiya suka rungume shi. A littafi na uku ya ce fuska, daga haɓa zuwa matsirar gashi, ɗaya ce bisa goma na tsayin mutum, kai ɗaya bisa takwas, kamu ɗaya bisa huɗu, ƙafa ɗaya bisa shida. In mutum ya buɗe hannuwa, gabansa daidai yake da tsayinsa, ga murabba'i. In aka kafa kamfas a cibiya, da'irar za ta taɓa yatsun hannu da na ƙafa. Waɗanda suka gwada zana wannan da tsakiya ɗaya sai mutumin ya fito da miƙaƙƙun gaɓoɓi, kamar na Cesariano a 1521. Leonardo, wajen 1490, ya auna mutane na gaske, ya bar cibiya ta zama tsakiyar da'ira, ya sauko da tsakiyar murabba'in ƙasa da ita. Ya kuma rage ƙafa zuwa ɗaya bisa bakwai. Ya girmama littafin, amma da littafi da jiki suka saɓa, jiki ya bi.

Hajiya Bilki: Michelangelo ma, shahararren mai sassaƙa da zane, an ruwaito yana cewa kamfas a ido ya kamata ya kasance, ba a hannu ba, tunda hannu aiki yake, ido ne alƙali.

Injiniya Nura: Wannan na sa hannu a kai.

Malam Habu: Kada ka yi saurin sa hannu, idon da yake magana a kai ido ne da ya shekara da shekaru yana awo. Sadiya, ga abin da zai fi amfanar aikinki. Andrea Palladio, wanda ya fara a matsayin mai sassaƙa dutse kafin ya zama mai zane, ya buga littattafansa huɗu a Benis a 1570. Ya lissafa siffofin ɗaki bakwai da ya fi so: da'ira, murabba'i, murabba'i da aka ja tsawonsa daidai da layin da ya ratsa shi kusurwa zuwa kusurwa, sai 3 da 4, 2 da 3, 3 da 5, da 1 da 2. Duba da kyau, babu 1.618 a ciki. In rufin shimfiɗaɗɗe ne, tsayi ya zama daidai da faɗi. In mai baka ne, ya ba da hanya uku. Ɗaki mai 12 da 6, ki haɗa ki raba biyu, tsayi 9. Ɗaki mai 9 da 4, ki yi 9 sau 4 ki nemi tushen 36, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 36, tsayi 6. Ta uku, ɗakin 12 da 6 ɗin nan, tsayi 8. Yanzu jera 6, 8, 9, 12 ki ba Lawal.

Lawal mai gurmi: 6 da 12 rabi ne. 6 da 9 biyu da uku, 8 da 12 ma haka. 6 da 8 uku da huɗu, 9 da 12 ma haka. Malam, ai duk sautukan da na faɗa ɗazu suna cikin lambobi huɗun nan. Tsigar jikina ta tashi.

Injiniya Nura: Lissafin yana da daɗi, ban musa ba. Amma a faɗa wa Sadiya sauran labarin. Da Bertotti Scamozzi ya bi gidajen Palladio yana aunawa a ƙarni na 18, ya tarar abin da ke ƙasa sau da yawa ya saɓa da abin da ke littafi. Kuma shi Palladio bai taɓa rubuta cewa ɗakunan gidajensa sautukan kiɗa ne ba. Masanin tarihin gini Rudolf Wittkower ne ya gina wannan fassarar a littafinsa na 1949, ta yi farin jini har ta zama kamar karatun allo a makarantun zanen gini. Da Deborah Howard da Malcolm Longair suka bi lambobin littafin Palladio ɗaya bayan ɗaya a 1982, kusan kashi biyu cikin uku ne suka dace da na kiɗa. Sauran fa?

Malam Habu: Kashi biyu cikin uku ba abin wasa ba ne, Injiniya, bai yi kama da katari ba. Amma na yarda Wittkower ya ja zaren ya wuce inda Palladio ya tsaya. Sadiya, ki rubuta duka biyun a aikinki, ki bambance abin da mutanen suka faɗa da bakinsu da abin da aka faɗa a kansu bayan shekara ɗari huɗu.

Sadiya: In sha Allah. Amma ga wata. Na buɗe zanen Villa Rotonda na Palladio, gidan nan na bayan garin Bicenza mai baranda huɗu iri ɗaya da ƙubba a tsakiya. An rubuta manyan ɗakunan 26 da 15, ƙananan 15 da 11. Na duba cikin bakwai ɗin, babu ko ɗaya. Da 25 da 15 ne da ya zama 3 da 5. Me ya kai shi ƙara ƙafa ɗaya a gidan da ya fi kowanne suna?

Malam Habu: Kin kama inda masana ke ta kai-kawo. Raba 26 da 15, za ki samu 1.733. Tushen 3 kuma 1.732 ne, wato awon da ke fitowa daga alwatika mai gefe uku daidai, irin ta Milan. Shi ya sa wasu ke ganin da gangan ya yi, ya nemo cikakkun lambobin da suka fi kusa da shi.

Lawal mai gurmi: Na gwada 15 da 26 a tsirkiya yanzun nan. Ba ta zauna ba, tana neman 25.

Hajiya Bilki: Ku dubi zanen kansa. Gidan murabba'i ne. Ta gefe ɗaya kana da babban ɗaki a kwance, 26, sai hanyar shiga, sai wani 26. Ta ɗaya gefen kana da faɗin babban ɗaki, 15, sai ƙaramin ɗaki, 11, sai hanya, sai 11, sai 15. Sadiya, haɗa 15 da 11.

Sadiya: 26! Hajiya, ashe dole ce ta sa, don gefen biyu su zo ɗaya.

Baba Magini: 'Yata, kada ki rufe littafin tukuna. Tsakanin ɗakin 15 da na 11 akwai bango, kuma bango yana cin wuri. In ta wancan gefen 26 ne a sake, ta nan kuma 26 ne da kaurin bango, to ko dai hanyoyin shigar ba faɗinsu ɗaya ba, ko lambar littafin ba ita ce a ƙasa ba. Hajiya, a turo mini hoton zanen nan a buga mini shi babba, in ga inda ya ɓoye kaurin bangon.